Wutar da Muka Hura wa Baba a Bayan Rumbu

Ranar Litinin ce da hantsi, kwana shida ga watan azumin tsofaffi, a shekarar da agana ta ratsa ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, ban kuma san lissafin shekarun Bature ba, amma wannan rana ko daga barci aka tashe ni zan faɗe ta ban yi tuntuɓe ba. Ina tsugune a bakin zaure ina wanke ƙore, shekaruna ba su fi goma sha ɗaya ba, sai ga Baffa Idi, ƙanen mahaifina, da waɗansu maza biyu, ɗaya da dagi ɗaya da igiya. Suka shiga rumfar ƙofar gidanmu inda Baba yake ƙira tun kafin a haife ni, suka kama haƙar gindin uwar maƙera, dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora jan ƙarfe a kansa a buga. Ta daɗe a ƙasa, ta kama sosai, sai da suka jiƙe sharkaf da gumi sannan ta motsa. Da suka tumɓuke ta sai ta bar rami baƙi kamar gurbin haƙori. Suka naɗe ta a tsohuwar fata, suka haɗa da zugazugi da masaɓa, wato babbar guduma, da awartaki, suka ɗora wa jaki. Baffa bai ko kalli inda nake ba.

Baba yana ɗakinsa, katanga ɗaya ce tsakaninsa da su, ya ji kowane sara. Na kai masa koko, ya ɗago fuska wajen motsina da idanun nan da cutar ta mayar fari fat, ya ce, "Uwata, an cire ta?" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na ce an cire. Ya ce, "To, madalla." Ya laluba ya ture ƙwaryar gefe a hankali don kada ta zube, ya kwanta ya ba ƙofa baya. Daga wannan rana abinci ya daina wuce masa.

Ba zan ɗora wa Baffa laifi ba, Allah ya ji ƙansa. Agana ta shigo gidanmu bayan kaka, ta ɗauke ƙanena, shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, ta bar Baba da rai amma ta tafi da idanunsa. A al'adar maƙera kuwa, uwar maƙera ta dangi ce, daga kakanni take. Tana zama gaban wanda ke iya bugu, in ya kasa ta koma ga ɗansa, in ba ɗa ta koma ga ɗan'uwansa. Ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, manoma sun tara faretani da garemani suna jiran gyara. Baba da bakinsa ya sha faɗa cewa, "Uwar maƙera in ta kwana uku da sanyi, gari ne zai kwana da yunwa." Maganarsa ce ta zagayo ta same shi a kwance.

Ni a bakin rumfar nan na tashi. Mace ba ta shiga maƙera, akwai wani gungumen giginya kwance a bakin rumfar, shi ne iyakata. Da safe in na gama shara, na ɗebo tulu biyu a rijiyar unguwa, na ba awaki dussa, sai in kai wa Baba fura in haye gungumen in yi zamana. Makarantar allo na ɗan taɓa, iyakar abin da zan yi salla da shi, daga nan aikin gida ya cinye ni. A lokacin ba kanal, ba noman rani sai 'yan lambunan bakin fadama da ake ba ruwa da jigo. In rani ya yi, garin ya yi shiru, sai ƙarar abu biyu, bugun masu shuni daga wajen Kura in iska ta biyo ta wajenmu, da gudumar Baba. Ƙawayena suna can gindin tsamiya suna carabke da tuwon ƙasa, su ƙwala mini kira, "'Yar maƙera mai baƙin hanci, ki zo mana!" In je mu yi gaɗa mu gaji, in sulale in dawo gungumena. 'Yar tsanata ta kara ta fi ta kowa a unguwar, don Baba ya lanƙwasa mata 'yan kunne na waya, har faɗa aka yi da ni a kanta.

Abin da na fi so shi ne zuga. Zugazugi fatun akuya ne biyu, mai zuga ya zauna tsakaninsu, ya ɗaga ɗaya ya danne ɗaya, iska ta bi bututu ta faɗa cikin gawayi. Abin yana da kiɗa, kuma Baba ba ya haƙuri da wanda ya ɓata shi. Mutum ne mai sanyin hali, ko akuya ta ci masa fura sai dai ya girgiza kai, amma in mai zuga ya yi tsalle a kiɗan nan za ka ji muryarsa har masallaci. Ni na iya kiɗan a kan cinyata tun ban san na iya ba. Akwai kuma wata tsohuwar kwatarniya gefen wuta, da ruwa baƙi ƙirin, mai ɗumi, tsatsa na yawo a samansa, inda yake tsoma ƙarfe in ya gama. Ban taɓa ganin an zubar da ruwan ba, sai dai a ƙara. Ni kuwa an raine ni a kan cewa ruwan da za a miƙa wa babba sai mai tsabta mai sanyi, daga ƙasan randa. Sai na ɗauka ƙazantar maza ce kawai, tunda ba mace a wurin da za ta wanke musu.

Sati ɗaya, sati biyu, Baba yana kwance. Baffa yana aiko da hatsi, ba a bar mu da yunwa ba. Inna, mahaifiyata, ta yi duk dabarar da mace ke yi da tukunya: tuwon gero da miyar kuka mai daddawa da yake so, fate-fate da yakuwa, kunun tsamiya, har kazarta guda ɗaya ta sa aka yanka. Sai dai ya kurɓi ruwa, in an matsa masa ya taɓa koko sau biyu ya ce ya ƙoshi. Liman ya zo ya yi masa nasiha a kan haƙuri da ƙaddara, Baba ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ƙi nake yi ba, maƙogwaron ne ya rufe." Aka yi rubutu aka wanke, aka jiƙa saiwoyi, duk a banza. Damtsen nan da nake lilo da shi ya zube, fata ta koma tana reto. Salla a zaune yake yi, daga baya ta koma a kwance. Mata masu zuwa dubiya in sun fito sai su tsaya a zaure su yi ƙus-ƙus, ran nan na ji wata na cewa, "Wannan ba zai ga shuka ba." Na tafi bayan rumbu na cusa bakin zanena a baki na yi kuka don kada ya ji. Ga shi yanzu ma da nake faɗa hawayen sun zo, a bar su, sun san hanya.

A nan Inna ta same ni. Ni ce 'yar farinta, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba, sai dai ta ce da bango, "A zo a ɗauke ƙwaryar nan." Ran nan kuwa ta tsuguna gabana ta kalle ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce, "Kin daɗe a kan gungumen nan. Kin san yadda ake gina wurin wutar?" Na ce na sani. Ta ce, "To tashi. Kuka ba ya hura gawayi."

Bayan rumbun muka zaɓa, don yana dab da tagar ɗakin Baba, kuma ba a hangowa daga zaure. In aka ji mata sun kunna wutar ƙira a cikin gida, abin faɗa ne har jikoki. Na ɗauki ƙwarya da guntuwar fartanya na tafi gona na saro ƙasar shuri, don na ga ita Baba ke sa a kawo masa, ba ta fashewa a wuta. Muka jiƙa ta, muka cuɗa da kashin jaki da ƙaiƙayi, na tattake da ƙafa har ta yi danƙo. Na haƙa rami kamar zurfin akushi, na tayar da 'yar katanga taƙi ɗaya a gefensa wadda za ta tsare mai zuga daga zafi. Sannan na mulmula yumɓun a jikin karan dawa, na zare karan ya bar bututu, na ratsa shi ta ƙasan katangar, bakinsa na kallon cikin ramin. Na farko ya tsage kafin la'asar, don gaggawa ta sa na bar shi a tsakar rana. Na biyu muka rufa masa tsumma a inuwa muka jira kwana uku, kuma kowace safiya cikin ukun nan sai na fara leƙa ɗakin Baba na ga ƙirjinsa na motsi kafin in iya ɗaukar tsintsiya.

Inna ta fito da burgami biyu, jakunkunan fatar akuya da Baba ke zuba kayan kasuwa a ciki, ta murje su da mai har suka yi laushi, ta ɗinke ƙafafun, ta ɗaure gora mai rami a wuyan kowanne. Dutsen niƙanta ta kife ya zama mana uwar maƙera, daga ranar sai gidan maƙwabta take kai niƙa, in an tambaye ta ta ce nata ya yi santsi. Guduma akwai wata 'yar ƙarama da take fasa kanwa da ita. Gawayi kuwa na ƙirya ake so, shi ke riƙe wuta, kuma ba yadda za mu neme shi ba a tambaye mu dalili ba. Sai na je rumfar da aka bari, karo na farko a rayuwata na tsallake gungumen nan, na share ƙasan kaf na tankaɗe da rariya. Tokar shekara da shekaru ta ba ni gawayi ƙwarya biyu, ƙanana kamar gyaɗa. A cikin tokar na tsinci tsohon magagari, abin goge ƙarfe, haƙoransa sun cinye, tsawonsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Shi kaɗai ne ƙarfen kirki da ya rage a gidan maƙeri.

Saura awartaki, abin kama jan ƙarfe. Wannan ba dabara, sai wurin Baffa. Na same shi a rumfarsa, uwar maƙerar Baba a gabansa tana amo, na durƙusa daga nesa na gaishe shi. Na ce Inna ce ta ce a ara mata awartaki za ta cire ƙusa. Ya dube ni, ya dubi ƙafafuna da yumɓu ya bushe a kansu, ya dubi baƙin da ke cikin faratana. "Ƙusa," in ji shi. "Ita ƙusar da ƙasar shuri ake cire ta?" Manoman da ke zaune suna jira suka yi dariya ba su san kan zancen ba. Ya ci gaba da bugu kamar ya manta da ni, ina durƙushe har gwiwata ta mutu. Can ya sa ƙafa ya shuro wani tsohon awartaki mai sako-sakon baki, ya faɗo gabana, ya ce yana kallon wuta, "Ni ban ba kowa komai ba. Ki ce ina gai da Yaya."

Washegari da hantsi muka zuba gawayi, Inna ta ɗebo garwashi daga murhu. Na zauna tsakanin fatun na kama zuga, kiɗan ya zo hannuna da kansa, wuta ta fara numfashi. Inna ta dafa kafaɗata ta ce a kunnena, "Ba haka ba. Ɓata shi. Ki yi kamar jaki mai ɗingishi." Na fara, biyu da sauri in tsaya, ɗaya a hankali, sai in danne duka biyun tare har toka ta tashi. Na daɗe ina yi, ɗan gawayinmu yana ci a banza, zuciyata na ce mini ya riga ya yi nisa, ba zai ji ba. Inna tana tsaye ta ƙura wa tagar ido, leɓenta na motsi. Sai muka ji tari. Sai murya, a dushe, amma tasa ce: "Wane ɗan banza ne ke kashe gawayi haka?" Inna ta yi mini alama in ci gaba. "Kai! Ɗaga hagu kafin dama ta sauka! Wa ya koya maka?" Muka ji buta ta faɗi, muka ji jan jiki. Baba ya fito da rarrafe, yana bin bango da kafaɗa, yana bin ƙarar da kunne. Da rana ta haska shi na ga yadda ya ƙare, kamar wani tsohon da ban sani ba.

Ya lalube katangar, ya bi bututun da yatsa, ya shafa dutsen niƙan ya gane shi. Ya ce wa ya gina, na ce ni ce. "Bututun ya yi sama da yatsa ɗaya," in ji shi. Na sa masa magagarin a hannu. Ya auna nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi a dutse ya kai kunne, ya ce, "Akwai wuƙa a cikinsa. Shekara goma sha biyar matar maƙeri na yanka kuɓewa da karyayyen lauje. Bari in fitar muku da ita, in bar muku abin tunawa, sannan in huta." Na ji daɗi da farko, sai na ga fuskar Inna ta canja. Ta fi ni sanin hutun da yake nufi. Mun dai fito da shi daga ɗaki, amma ban kwana ya fito yi mana.

Safiya huɗu muka yi ana bugu. Inna ta koma zuga, ni na zama idonsa. Ta kafa zana ta yi mana inuwa, don a rana ba a ganin launin ƙarfe. Ya kama magagarin da awartaki ya cusa cikin gawayi, ya ce in faɗa masa yadda ya koma. Na ce ya yi ja. "Ja nawa ne a duniya, Uwata? Jan goro, ko jan gauta, ko ƙwaiduwar ƙwai?" A nan na koyi cewa jan goro bai nuna ba, in an buga zai tsage, ƙwaiduwa ita ce lokacin bugu, in kuwa ya yi fari yana tartsatsi ya ƙone, an yi asara. In na ce ƙwaiduwa sai ya zaro, in ce gaba kaɗan, hagu kaɗan, ya sauke guduma. Sau da yawa dutse yake samu, sau biyu ya ƙone a yatsa ko wash bai ce ba. Bugu bakwai ko takwas numfashi ya ƙare masa, ya jingina da rumbu gumi na zuba, mu kuma mu tsai da zuga don tattalin gawayi. Ya fara fitar da wutsiyar da za ta shiga ƙota, sannan ya shimfiɗe jikin, ya sirantar da baki ɗaya, ya ja tsinin. In ƙarfen ya huce ya bi shi da yatsa ya gano inda ya karkace. Ya tsokani Inna cewa zugarta kamar mai yi wa jariri fifita, ta ce da rumbu, "A gaya masa wanda ya raina zugar ya zo ya karɓa." Har murmushi ya yi. Amma in an kawo fura sai ya kau da kai. Kowace safiya wuƙar na ƙara kyau shi yana ƙara ƙarewa, ni kuwa ina kallonta kamar mai kallon ana haƙa kabari. Na so in riƙa faɗin launin ba daidai ba don aikin ya daɗe, na kasa yi masa ƙarya.

Safiya ta biyar aka zo tsomawa, wato a gasa wuƙar ta yi jan gauta a tsoma ta a ruwa don ta yi tauri ta riƙe kaifi. Gawayin da ya rage bai cika tafi biyu ba. Baba ya ce, "Kawo ruwa a kasko." Na ruga. Na wanke kaskon tas, na buɗe randar Inna da ke binne cikin yashi a inuwar ɗaki, na zura moɗa har ƙasa na ɗebo mai sanyin nan da ke kama haƙori. A raina wannan ne aikin Baba na ƙarshe, ba zan kawo masa irin ruwan kwatarniyar nan ba. Na cika kaskon, na ajiye sauran a moɗa gefe guda. Inna na zuga ina kallo, goro ya wuce, na ce, "Gauta, Baba!" Ya zaro ya tsoma. Ruwa ya yi cuu, sai wata 'yar ƙara a ciki, ƙas, kamar an karya tsinke. Ni ban san ma'anarta ba, amma na ga hannunsa ya tsaya cak. Ya ɗago awartakin, rabin wuƙar ne ya biyo shi. Tsinin na kwance a ƙasan kasko.

Ya ajiye awartakin ya tsoma yatsu a kaskon har ƙasa, ya ce, "Daga ina ruwan nan?" Na ce daga randa, na zaɓo masa mai sanyi. Ina faɗa na gane ni ce na karya ta. Ba wani ƙarfe, ba gawayi, zai koma ɗaki ya mutu da baƙin cikina. Na faɗi gabansa ina kuka ina roƙon ya yafe mini, ya bar ni na yi mai isata. Sannan ya ce, "Sanyi ne ya firgita ta. Jan ƙarfe ruwan da ya kwana ya sha rana yake so. Kin zaci ƙazanta ce ta hana ni wanke kwatarniyar nan shekara ashirin?" Na ce i. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, na zaci tari ne, ashe dariya ce busasshiya. Ya laluba guntun da ya rage, ya auna da yatsu huɗu, ya juya shi ya sake juyawa, fuskarsa ta ɗaure. "A ce abin da Audu Maƙeri ya bari a duniya ke nan? Karyayyar wuƙa? Idi ya gani ya ce dama ya san na ƙare?" Ya miƙa hannu ya ɗaga gudumar, ta yi masa rawa ta suɓuce. Ya zauna yana huci. Can ya ce, "Ruwan randa na mutane ne. Akwai saura?" Na miƙa masa moɗar. Ya kafa kai, ina kallon maƙogwaronsa na hawa yana sauka, bai cire baki ba sai da ta ƙare. Ya goge gemu ya ce, "Gobe ki ajiye ruwa a rana tun da safe. Kuma a gaya wa mutanen gidan nan hannuna ba ya riƙe guduma, in akwai fura a dama."

Inna ta tashi ta yi taku uku, ta zauna daɓas a ƙasa ta rufe fuska da zane. Ni na dama furar.

Kwana biyu bayan haka muka tashi muka tarar da gawayin ƙirya rabin buhu a zaure, ba wanda ya ce shi ya kawo, ba mu kuma tambaya ba. Daga guntun nan Baba ya fitar da 'yar gajeriyar wuƙa, ya sa mata ƙotar marke, na wasa ta a dutse har tana aske gashin hannu. Kafin a gama ta Inna ta riga ta ɓatar da basillarta da gangan don ya ƙera mata wata, bayan basilla kuma matsefata ta ɓata, gidanmu ya zama gidan ɓatan kaya. Sai matan unguwa suka fara shigowa a ɓoye da karyayyun abubuwa cikin zane. Uwar maƙera ba ta dawo ba, shi ma bai sake zama rumfar ƙofar gida ba, amma ya ga shukar shekarar nan da ta damina uku bayanta. Da kaka ya rasu, ya ci sabon gero.

Yau ko gurbin gidan ba za ka gane ba. Ruwan kanal ya ratsa wurin, inda rumbun yake shinkafa ce da damina, tumatir da rani. Motoci na yin layi a bakin titi ana lodin kwanduna, in kasuwa ta faɗi mata su baje a fili suna yanka tumatir suna shanyawa da wuƙaƙen kanti masu ƙotar roba, wadda ta dakushe a jefar. Masu walda na nan da injinsu a hanyar Kura, samari na tafe a kan babur da waya a kunne. Ban ce zamani ya lalace ba, mutanen yanzu sun fi mu ƙoshi.

Maigidana ya rasu bara da rani, bayan shekara hamsin ina dama masa fura ina ɗumama masa ruwan alwala. Tun da na fita takaba nake gidan ɗana. Matarsa mutuniyar kirki ce, Allah ya saka mata. In na ɗauki tsintsiya ta karɓe, in na jawo kuɓewa zan yanka ta ce, "Haba Iya, ki huta mana, mu me muke yi?" Ta kawo shinkafa da nama ta ajiye gabana, in kalla, in rufe, ta zo ta ɗauka da damuwa a fuskarta. Kuka nake yi ba na ɓoyewa, na mijina da na Baba da na Inna duk sun haɗu sun zama ɗaya. Shekaranjiya na roƙa a kai ni wurin yankan tumatir ko kwando ɗaya in yi, ɗana ya ce mutane za su ce ya kasa riƙe uwarsa. Gaskiyarsa ce. Da sassafe nakan ji matan suna wucewa ta bayan katanga, suna hira suna dariya, suna sauri kada rana ta riga su, in bi su da kunne har muryoyin su ɓace.

Wanda ke da aikin da ke jiransa gobe bai gama da duniya ba. Ni ina ta dubawa, ban ga nawa ba tukuna.